Faifan garmaho a Kaduna: wa ya ajiye uwar tef?

1/ Jama'a, a ƙarshen 1960 Louis Armstrong ya zo Kaduna da ƙahonsa, har akwai hotonsa suna raha da Sardauna. Yau kuma a Turai ana sake buga faya-fayan da aka yi rawa da su a garin nan, ana sayarwa da tsada. Tambayar zaren nan ɗaya ce: sautin da ke cikin sabon bugun, daga ina aka ɗebo shi? Ku gyara zama, da ɗan tsawo. 🧵

2/ Armstrong ya fara zagayen Afirka a Oktoba 1960, makonni kaɗan bayan mun samu 'yancin kai. Kamfanin Pepsi ne ya ɗauki nauyin zangon Gana da Najeriya, daga nan ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karɓa. Zamanin yaƙin cacar baka ne. Amurka na tura makaɗan jaz baƙar fata su wanke mata suna a waje, alhali a gida ana nuna musu wariya.

3/ Ba ranar ce kunnen Kaduna ya fara jin jaz ba. Tun 1955 Willis Conover yake gabatar da shirin jaz a Muryar Amurka, kuma mai rediyon da ke kama gajeren zango yana iya lalubo shi da dare. Sai dai abin rediyo iska ne, ya wuce ya wuce. Wanda yake son ya sake ji gobe, dole ya nemi faifai.

4/ Faifan farko shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya. Nauyi gare shi, ya faɗi ƙasa sai dai a share, kuma fuska ɗaya ba ta wuce kamar minti 3. Shi ake ɗorawa a garmaho, a wana da hannu, a riƙa sauya allura. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, a 1949 RCA ya fito da ƙarami mai juyi 45.

5/ Hausa ma ta hau faifai da wuri. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki mutanen Afirka ta Yamma a Landan suna waƙa da harsunansu: Yarbanci, Fanti, Ga, Twi, har da Hausa. A 2008 kamfanin Honest Jon's ya zaɓo wasu ya sake fitarwa da sunan Living Is Hard. Ya iya ne saboda EMI ya adana su a rumbunsa na Hayes shekara 80. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ To wa ke sayen faifai a Kaduna? Nan ne tsallaken kogi ya shigo labarin. Faifai kayan mai albashi ne. Sai kana da kuɗin wata, da wutar lantarki, da ɗakin da za ka ajiye rediyogiram, wato akwatin katakon nan mai haɗe da rediyo da na'urar juya faifai. Albashin lebura a Kaduna kuwa, Kakuri ce cibiyarsa.

7/ A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Ga kamfanin giya, ga masana'antar makamai, sannan a 1975 Peugeot ya fara haɗa motoci. Ga kuma ma'aikatan jirgin ƙasa da ke mahaɗar Kaduna tun kafin duk waɗannan.

8/ Dubban ma'aikata daga ko'ina: Tibi, Idoma, Igala, Bajju, Atyap, Ibo, Yarbawa, Nufawa, Hausawa. Suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Television. Kowa ya zo da kiɗan garinsu, aka kuma haɗu a kan hailaif da jaz da sol. A layi ɗaya sai ka ji Rex Lawson ta wannan taga, Jim Reeves ta waccan, Shata a shagon mai shayi.

9/ Ɗaya ƙafar labarin tana gidan rediyo. A 1962 aka buɗe BCNN, wanda ya zama Rediyo Talabijin Kaduna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: abokan haɗin gwiwar gwamnatin Arewa a aikin su ne EMI da Granada na Ingila. Wato kamfanin faifai na cikin waɗanda suka aza harsashin gidan. A situdiyon gidan an ɗauki makaɗan Hausa da yawa a tef.

10/ Amma harkar faifai kanta a Legas take. EMI na da situdiyo a Apapa, inda Paul McCartney ya zo ya ɗauki Band on the Run a 1973. Decca na da nasa a Abule Oja, yana fitarwa da tambarin Afrodisia. Ga Philips, wanda ya koma Phonogram, ya koma Polygram. A gabas kuma Tabansi a Onica. Kaduna tana saye tana ji, amma injin da tef suna kudu.

11/ Ko manyanmu da suka hau faifai ta wannan hanyar suka bi. Faya-fayan Shata na EMI suna nan a hannun masu tarawa. Ɗan Maraya Jos ma ya hau faifai da kuntiginsa. Bongos Ikwue, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, a EMI ya yi suna. Mawaƙi daga nan, tef a can. Wannan rabon shi ne tushen matsalar da za mu zo kanta.

12/ Idan ana maganar kiɗan ƙaho a Kaduna, dole a tsaya kan Bala Miller. An haife shi a Pankshin a 1928, ɗan gidan fasto ne daga Zariya. Ya rasu a 2003. Iyayenmu sun san shi ta hanya uku: kulob ɗin Costain, shirin Bala Miller Show na NTA, da waƙarsa Ikon Allah, wadda har yau in an sa ta a biki tsofaffi ke miƙewa.

13/ Ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Afrika, ta taso ne a zamanin FESTAC 77. Babbar ƙungiya ce: jerin masu busa, jita, ganguna, 'yan amshi. Tsarin manyan ƙungiyoyin jaz na Amurka, amma waƙar da Hausa, zubin kiɗan na nan gida. In kana neman inda jaz da hailaif da Hausa suka zauna a tabarma ɗaya, to ga wurin.

14/ FESTAC ɗin kuwa, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 aka yi shi. Legas ta ɗauki wasanni, Kaduna ta ɗauki hawan daba, har aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙi. Manyan jaz irin su Sun Ra da Randy Weston sun zo Legas. Kuɗin mai na yawo, kowa na sayen na'ura. Ganiyar faifai a Najeriya ke nan.

15/ Kwana 6 bayan rufe FESTAC, 18 ga Fabrairu 1977, sojoji suka ƙone gidan Fela na Kalakuta. Cikin abin da wuta ta cinye har da situdiyonsa da tef-tef. Na kawo wannan ne don a ga yadda uwar tef take: abu ɗaya tal, a ɗaki ɗaya, rana ɗaya ta isa ta raba duniya da ita.

16/ Daga nan sai gangara. Kaset ya shigo, mai araha, kowa na iya kwafa. 'Yan satar fasaha suka cika kasuwa. Farashin mai ya faɗi, shigo da kayan aiki ya yi wuya, SAP ya zo a 1986 ya karya naira. Kamfanonin waje suka sayar suka tafi: EMI na Najeriya ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier. Injinan buga faifai suka yi shiru.

17/ A Kakuri ma haka. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Tsakanin nan ga rikicin 2000 da na 2002, da suka sa dubban iyalai ƙaura, wasu suka tsallako kudu, wasu suka tsallaka arewa. Wanda ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar kwalin faifai. Wanda aka sallama ba a biya shi haƙƙinsa ba kuwa, rediyogiram na cikin abin da zai fara sayarwa.

18/ Abin da ya saura sai ya faɗa hannun yanayi. Zafin Maris yana lanƙwasa roba. Ƙurar hunturu tana shiga layukan faifai ta zama kamar yashi ƙarƙashin allura. Damina ta sa bangon ya yi fumfuna, gara ta ƙarasa. Yara kuma mun yi wasan jifa da wasu. Duk wanda ya tashi a unguwannin nan ya san faifan da ya ƙare a kan rufin kwano.

19/ Sai ga shi duniya ta juyo. A 2001 kamfanin Strut ya fitar da Nigeria 70. A 2008 Soundway ya fitar da Nigeria Special. A 2013 Luaka Bop ya tattara waƙoƙin William Onyeabor. A 2019 BBE ya fara sake buga kayan Tabansi. Faifan Bala Miller mai suna Pyramids shi ma an sake buga shi a Turai. A Amurka, a 2022 yawan faifan da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

20/ Yanzu mu zo kan sauti. Kafin ka ce wannan bugun ya fi wancan, ka san yadda ake yin faifai. Makaɗa su yi kiɗa, a ɗauka a tef, a daidaita. Wannan ita ce uwar tef. Daga ita injiniya zai sassaƙa layuka a kan wani faranti mai taushi. Daga farantin a yi hatimin ƙarfe. Hatimin ne ke danna narkakkiyar roba, faifai ya fito.

21/ Kowane mataki yana rage wani abu, ba ya ƙarawa. Kamar kwafin takarda ne: ka kwafi asali ya fito tas, ka kwafi kwafin ya fara dushewa, kwafi na huɗu sai an ƙanƙance ido. Shi ya sa tambayar farko ga duk sabon bugu ita ce: taki nawa ne tsakaninsa da uwar tef? Kyan bango da nauyin roba duk bayan wannan suke zuwa.

22/ Sabon bugu kashi uku ne. Na ɗaya, wanda aka yi daga uwar tef kai tsaye. Na biyu, wanda aka juye tef zuwa kwamfuta, aka gyara, aka sassaƙa daga nan. Na uku, wanda tef ɗin ya ɓata, sai aka nemo tsohon faifai mai ɗan lafiya, aka ɗora allura, aka naɗi abin da ya fito. Kayan Najeriya da yawa a kashi na uku suke.

23/ Ga misalin kashi na ɗaya. Blue Note, kamfanin jaz da aka kafa a 1939, ya riƙe tef-tef ɗinsa. Yawancinsu injiniya Rudy Van Gelder ne ya ɗauka. A 2019 suka fara jerin Tone Poet, ana sassaƙawa daga tef na asali. Ka ɗora irin wannan, har numfashin mai busa kafin ya hura za ka ji. Dalilin ba boyayye ba ne: an ajiye uwa.

24/ Kuma akwai ɗan Najeriya a rumbun nan. Solomon Ilori ya yi kiɗa a faifan Art Blakey mai suna The African Beat a 1962, sannan ya fitar da nasa, African High Life, a Blue Note a 1963. Da aka sake fitar da shi a CD a 2006, sai aka haɗa da wasu kiɗe-kiɗen da ya ɗauka a 1964 waɗanda ba a taɓa saki ba. Shekara 42 suna kwance lafiya lau a kan kanta.

25/ Ku kwatanta: makaɗi ɗan Najeriya ya ɗauki kiɗa a Amurka, har wanda ba a saki ba ya tsira. Takwaransa ya ɗauka a Legas, aka saki, aka yi rawa da shi daga Kakuri zuwa Sabon Gari, amma yau sai an bi gidaje ana neman faifan da yara ba su karce ba. Bambancin ba na baiwa ba ne. Na ɗakin ajiya ne da wanda ke biyan kuɗin kula da shi.

26/ Kada dai a ɗauka Turawa ba sa asara. Ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wani rumbun Universal a Hollywood. A 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa uwayen tef sama da 100,000 ne suka ƙone, ta lissafo har da na Armstrong ɗin da ya zo mana. Kamfanin ya ce an zuzuta adadin. Ko ma dai nawa ne, wuta ba ta san sunan mawaƙi ba.

27/ Wani abin kuma: ba kullum bugun farko ke da gaskiya ba. Kind of Blue na Miles Davis, 1959, yana cikin faya-fayan jaz da aka fi saya a tarihi. Injin tef ɗin da aka yi amfani da shi yana ɗan jinkiri ranar ɗauka, sai kiɗe-kiɗe uku na fuskar farko suka fito da ɗan sauri, muryarsu ta ɗan ɗaga. Sai a 1992 aka gyara. Shekara 33 duniya na yabon kiɗan da ba a daidai saurinsa yake ba.

28/ Da me aka gyara? Da wani tef da injin na biyu ya ɗauka a ranar, mai tafiya daidai. Kun ga ke nan ko don gyara kuskuren bugun farko sai da ajiya. Mu da babu tef, in injin Legas ya yi sauri ko jinkiri wata rana a 1975, shi ke nan, haka waƙar za ta zauna, ba mai abin da zai gwada da shi.

29/ Sai rigimar 2022, wadda duk mai cika bakin "ni kunnena ba ya kuskure" ya kamata ya sani. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya yi suna wajen faya-fayai masu tsada da masu saye suka ɗauka daga tef kai tsaye ake yin su. Wani mai shagon faifai a Phoenix, Mike Esposito, ya tayar da zancen. Aka gano shekaru suna bi ta matakin dijital a tsakiya.

30/ Aka kai ƙara, aka sasanta a kan kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 25. Abin dariyar shi ne masana kunne sun shafe shekaru suna yabon waɗannan faya-fayan a matsayin hujjar cewa dijital ba zai taɓa kamo tef ba. Darasi biyu: dijital ba laifi ba ne in an yi shi da kyau, ɓoyewar ce laifi. Kuma kunne yakan ji abin da aka gaya masa zai ji.

31/ To mu da kashi na uku ya fi shafa, me ake saurara? Tsohon faifai yana da ƙaraf-ƙaraf da shuuu. Injiniya zai sa manhaja ta share. In ya share kaɗan, ƙarar na nan amma kiɗan na da rai. In ya matsa hannu, ƙarar ta tafi tare da saman sautin: farantan tagullar mai ganga su koma kamar ana kaɗa su cikin ruwa, ƙaho ya rasa kaifi, ɗakin da aka yi kiɗan ya ɓace.

32/ Nan ne kiɗan Hausa ke cikin haɗari na musamman. Mu muna son zizar sauti da gangan. Ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a kan kuntigi ko garaya, da tsirkiyar da ake ɗaurawa a fuskar ganga, duk don su yi ziza ne. Manhaja ba ta san haka ba. Injiniyan da bai taɓa zama gaban makaɗi ba zai iya ɗaukarta datti ya goge.

33/ Ku yi tunanin kuntigin Ɗan Maraya an cire masa wannan kaɗawar. Tsirkiya ɗaya ce fa, rabin daɗin a zizar yake. Zai fito tsaf, amma ba shi ba ne. Saboda haka idan za a gyara kayanmu, a samu kunnen gida a ɗakin. Tsohon da ya ji abin a fili ya fi kowace manhaja sanin wace ƙara ce ta faifai, wace ce ta kiɗa.

34/ Na ga wannan da idona a Makera, wurin wani dattijo tsohon ma'aikacin masaƙa. Muka ɗora tsohon faifansa na hailaif, sannan sabon bugun waƙar da wani abokina ya kawo. Sabon ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, ai wannan ya fi." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, sun wanke rigar har zanen ya fita. Ina mai shantun da ke bayan mai ƙaho?" Muka mayar. Wallahi a tsohon yana nan, a sabon sai ka kasa kunne sosai.

35/ Amma a wata waƙar sabon ne ya yi nasara, shi ma Baba bai musa ba. Ita ce ta ƙarshe a fuskar, kusa da tsakiya. A nan da'irar ta ƙanƙance, layukan sun matsu, allura ta fi shan wahala, kuma nan ne faifan da aka yi shekaru ana ɗorawa ya fi cinyewa. Nasa ya dishe, na sabon daga kwafi mai lafiya aka ɗauko. Ba a yanke hukunci da waƙa ɗaya.

36/ Ga yadda za ka gwada da kanka, ko da ƙaramar na'ura:
a) Daidaita ƙarfin sauti tukuna. Kunne yana ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau.
b) Sa wani ya ɗora ba tare da ka ga wanne ba ne.
c) Bi kayan kiɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kada ka saurari komai a dunƙule.
d) Saurari wutsiyar sauti, inda busa ke mutuwa a hankali. In an datse ta, an share da yawa.

37/ e) Karanta bayan bango. Kamfani mai gaskiya yakan faɗi daga tef ya ɗauko ko daga faifai, da sunan wanda ya gyara.
f) Duba filin da ba layi kusa da tambarin tsakiya. Akwai lambobi da aka karta. A tsofaffin Blue Note har hatimin Van Gelder za ka gani.
g) Kada "giram 180" ya ruɗe ka. Nauyin roba ne kawai. Mummunan sauti a faifai mai nauyi, mummunan sauti ne.

38/ Akwai tambayar da kunne ba ya amsawa: an biya mai waƙar? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, sautin da aka ɗauka yana da kariyar shekara 50, ita kuwa waƙar kanta har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, Bala Miller a 2003, Ɗan Maraya a 2015. Ku yi lissafi. Magadansu na da haƙƙi har mu tsufa. Bugun da bai ambaci izini ba, a yi masa tambaya.

39/ Ana iya yi da kyau, kuma misalin na maƙwabta ne. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗan oga ɗinsa a 1978, aka yi kaset kusan 100 kacal. Shekaru ana jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar. A 2013 Sahel Sounds ya fitar da shi a faifai tare da mai kiɗan, har ya je Turai ya yi wasa. A shekarar ne kuma suka buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifai mai suna Harafin So.

40/ A gida ma an fara. Odion Iruoje, wanda ya shirya faya-fayai da yawa a EMI ta Legas a shekarun 1970, ya haɗa kai da mai tara faifai Temi Kogbe suka kafa Odion Livingstone, suna sake buga tsofaffin kaya daga Legas. Mutumin da ya zauna a ɗakin ranar da aka ɗauka, shi ne ke cewa ga yadda ya kamata ya fito. Irin wannan Arewa ke buƙata.

41/ Abin da duk wannan ke nufi gare mu a Kakuri, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Romi: idan tef ya ɓata, faifai mafi lafiya da ya saura shi ya zama uwa. Yana iya yiwuwa yana cikin kwalin da ke ƙarƙashin gadon kakanka. Ranar da aka ba mai jari-bola shi, ko aka sayar wa dillali a kuɗin katin waya, ba kwafi aka rasa ba, asalin aka rasa.

42/ In kun samu irin wannan kwali:
Ku jera su a tsaye kamar littattafai, kada a kwance a kan juna.
Nesa da rana da bangon da ke jiƙa.
A riƙe ta gefe, ban da yatsa a kan layi.
Ban da kananzir, ban da omo, ban da soso. Ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, a bi da'irar, kada ruwa ya taɓa tambarin.
Mai juyi 78 kuwa kada sinadarin sifirit ya kusance shi, narkar da shi yake.

43/ Kada ku ɗora a tsohuwar na'ura mai dakusasshiyar allura don "a ji ko yana yi". Juyi ɗaya ya isa ya nike layin har abada. Ku ɗauki hoton bango gaba da baya, da tambarin tsakiya, da lambobin. Ku duba lambar a Discogs kafin kowa ya yi muku ciniki. In za a sayar, a fara naɗar sautin da na'ura mai kyau, iyali su riƙe kwafi.

44/ Sannan ku zaunar da mai kwalin ku tambaye shi: a wane shago ya saya, nawa, albashinsa nawa a lokacin, a ina aka yi rawa da shi, wa ke busa ƙaho. Ku naɗa a waya. Wannan bayanin babu shi a bayan kowane bango da aka buga a Turai, kuma masu shi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

45/ Muna da Arewa House, muna da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, muna da Rediyon Najeriya Kaduna, muna da jami'o'i a Kaduna da Zariya. Ɗaki ɗaya mai sanyi, na'ura ɗaya mai kyau, da ɗalibai biyar masu haƙuri sun isa a fara. 'Yan sashen tarihi da na aikin jarida masu neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gida.

46/ Wanda ke da faifan Bala Miller, ko Shata, ko Ɗan Maraya, ko na wata ƙungiyar Kaduna da ban ambata ba, ya ajiye hoton tambarin a ƙasa, mu fara jerin abin da ya saura. Ban da adireshin gida, don Allah, dillalai ma suna karatu. A tura wa wanda kakansa ya yi aikin masaƙa.